Kogin Ruzizi: me ya sa yake gangarawa kudu, kuma wa hakan ya shafa?

A tsakiyar watan Fabrairun 2025, da mayaƙan ƙungiyar 'yan tawaye ta M23 suka shiga birnin Bukavu a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, sunan wani kogi ya riƙa fitowa a labarai kusan kullum. An ce dubban mutane sun tsallaka shi sun shiga Burundi, wasu a kwale-kwale, wasu da iyo, wasu kuma ruwa ya ci su. An ce tashoshin wutar lantarki da ƙasashe uku ke sha suna kansa. Wata kafa ta rubuta Ruzizi, wata ta rubuta Rusizi, har mai bin labarin ya ɗauka koguna biyu ne. Wanda kuma ya buɗe taswira don ya gane wa idonsa, sai ya tarar da siririn layi shuɗi tsakanin manyan tafkuna biyu, Kivu a sama, Tanganyika a ƙasa, babu kibiyar da ke nuna inda ruwan ya dosa. Daga wanne yake fitowa, cikin wanne yake zubawa?

Daga Kivu yake fita, ya gangara kudu, ya zuba a Tanganyika. Amsar ke nan a taƙaice. Amma wannan tambaya ta taɓa raba kan masana ƙasa na Turai shekara da shekaru, kuma akwai zamanin da ruwan yankin Kivu arewa yake bi. A yau kuwa, alƙiblar kogin ce ke tantance wanda ke samun wuta, wanda ambaliya ke kora daga gidansa, da inda wata ƙasa ta ƙare wata ta fara.

Suna ɗaya, rubutu biyu

Kogi ɗaya ne. A Kwango an fi rubuta Ruzizi, a Ruwanda da Burundi kuma Rusizi, har akwai gunduma mai wannan suna a kudu maso yammacin Ruwanda, inda garin Kamembe yake. Kada a haɗa shi da Rusumo, wanda ke kan Kogin Kagera a iyakar Ruwanda da Tanzaniya, can gabas. Ruwan Kagera Tafkin Biktoriya yake zuwa, ba abin da ya haɗa shi da Ruzizi sai kamannin suna.

Kalmomi biyu ne ke jawo ruɗani a maganar koguna: sama da ƙasa. Mukan ce wane ya gangara Legas, wane ya hauro Kano, taswira ma ta ɗora arewa a sama, sai zuciya ta saba da cewa ruwa kudu yake bi. A Ruzizi an yi dace, kudun ita ce gangaren. Amma dace ne kawai. Kogin Kano da Challawa sun haɗu sun zama Kogin Haɗeja, ruwan ya nufi arewa maso gabas yana neman Tafkin Chadi. Nilu arewa yake tafiya tun daga tsakiyar Afirka har Bahar Rum. Niagara, wanda shi ma kogin iyaka ne tsakanin tafkuna biyu, ya bar Erie ya yi arewa zuwa Ontario tsakanin Amurka da Kanada. Ruwa bai san arewa ko kudu ba, tudu da gangare ya sani. Don haka a wannan sharhi, idan an ce saman kogi ana nufin ɓangaren da ruwan ke fitowa, wato wajen Kivu. Ƙasan kogi kuma ɓangaren da yake zubawa, wajen Tanganyika.

Daga Bukavu zuwa Gatumba

Tsawon Ruzizi bai wuce kilomita 117 ba, bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba. Abin da ya sa ya zama na musamman shi ne faɗuwar da yake yi a wannan ɗan taƙi. Fuskar Tafkin Kivu tana wajen mita 1,460 sama da teku, ta Tanganyika kuwa wajen mita 773. Bambancin ya kusa mita 690.

Kogin yana barin Kivu ne a kusurwar kudu, ta wani matsattsen wuya tsakanin Bukavu ta Kwango da Kamembe ta Ruwanda. Garuruwan biyu suna kallon juna, gajeriyar gada ce tsakaninsu, kuma a kanta mashigar iyaka da ake kira Ruzizi ta Ɗaya take. A nan ruwan garau yake, domin tafki ya riga ya kwantar da lakarsa. Daga nan sai ya faɗa cikin kwazazzabo mai zurfi, yana dukan duwatsu, kuma a kilomita 40 na farko yake zubar da mafi yawan tsayinsa. Ba jirgin ruwan da ke bin wannan yanki, ko kwale-kwale. Duk tsawon kwazazzabon, gaɓar yamma Kwango ce, ta gabas Ruwanda.

Yana fitowa daga kwazazzabon a wajen Bugarama ta Ruwanda da Kamanyola ta Kwango sai ƙasa ta buɗe. A nan wuri mafi gangare a duk faɗin Ruwanda yake, wajen mita 950. Kusa da nan Kogin Ruhwa, wanda ya raba Ruwanda da Burundi, ya shigo cikin Ruzizi, kuma mahaɗarsu ita ce inda iyakokin ƙasashen uku suka gamu. Daga nan gaɓar gabas ta koma hannun Burundi.

Sauran tafiyar a fili ce, shimfiɗaɗɗen kwari mai zafi da 'yan Burundi ke kira Imbo. Ana noman shinkafa, rogo, masara da auduga, ana kiwon shanu, akwai kuma tsohuwar gonar rake da masana'antar sukari a Kiliba ta ɓangaren Kwango. Rafuka suna saukowa daga tsaunukan gefe biyu, irin su Kaburantwa, Kagunuzi da Mpanda daga Burundi, Sange da Kiliba daga Kwango, kowanne ɗauke da jar ƙasar gonakin tudu. Kogin da ya fito garau sai ya zama ruwan kunu, yana lanƙwasa yana cin gaɓa. Kafin ya kai tafki ya rabu biyu, Babban Ruzizi ta gabas da Ƙaramin Ruzizi ta yamma. Tsakanin rassan biyu garin Gatumba yake. Bujumbura, birni mafi girma a Burundi, na gabas da bakin kogin, garin Uvira na Kwango na yamma. A fadamar bakin ne gandun dajin Rusizi na Burundi yake, mai dorinar ruwa da kada.

Duwatsun da suka tare hanya

Me ya sa Kivu ya ɗare haka sama da maƙwabtansa? Dukkan waɗannan tafkuna, Albert, Edward, Kivu da Tanganyika, a jere suke cikin wata doguwar tsaga da ƙasa ta yi a yammacin Gabashin Afirka, inda ɓawon duniya ke rabewa a hankali. A da, ruwan kwarin da Kivu ke ciki yanzu arewa yake malala, zuwa Edward, daga can zuwa Nilu. Sai duwatsun Virunga masu aman wuta suka taso a tsakiyar tsagar, suka toshe ta kamar an gina madatsa. Karisimbi, mafi tsayinsu, ya haura mita 4,500. Nyiragongo, wanda narkakken dutsensa ya ratsa birnin Goma da ke gaɓar arewacin Kivu ya shiga tafkin a Janairun 2002, ya kuma sake aman wuta a Mayun 2021, yana cikinsu.

Da hanyar arewa ta toshe, ruwa ya taru ya yi ta hawa, yana haɗiye kwaruruka. Shi ya sa gaɓar Kivu take da loko da yatsu barkatai, har Bukavu kanta a kan wasu 'yan yatsun ƙasa biyar da suka kutsa cikin ruwa aka gina ta. Da ya cika ya batse, sai ya sami wuri mafi sauƙi a kudu ya tsallake. Masana na kimanta cewa hakan ya faru ne kimanin shekara dubu goma da suka wuce. A lissafin koguna, Ruzizi jariri ne, kuma wannan ne dalilin da har yanzu bai gama sassaƙe duwatsun kwazazzabonsa ba.

Kifi ma shaida ne. Tanganyika na da ɗaruruwan nau'in kifi da ba a samun su ko'ina a duniya, Kivu kuwa 'yan kaɗan ne, kuma ƙananan kifayensa na asali sun fi dangantaka da na Edward da Biktoriya, wato dangin arewa. Na Tanganyika yawancinsu ba su iya haura gangaren Ruzizi ba. Ɗan siririn kifin nan sambaza, wanda a yau shi ne abin kamun masunta da abin miyar gidaje a Bukavu, Goma da Gisenyi, ɗan adam ne ya ɗauko shi daga Tanganyika ya zuba a Kivu a ƙarshen shekarun 1950.

Sakamakon wannan toshewa yana da girma. Ruwan saman da ya sauka a arewacin duwatsun Virunga yana bin Kogin Rutshuru zuwa Edward, ya bi Semliki zuwa Albert, ya shiga Nilu, ya wuce Juba da Khartum da Alƙahira. Wanda ya sauka a kudancinsu, tazarar 'yan kilomitoci kaɗai, yana shiga Kivu, ya bi Ruzizi zuwa Tanganyika, ya fita ta Kogin Lukuga a Kalemie, ya shiga Lualaba, wato saman Kogin Kwango, ya wuce Kisangani da Kinshasa ya faɗa Tekun Atlantika. Semliki da Ruzizi tagwaye ne da suka juya wa juna baya: dukkansu sun haɗa tafki da tafki, dukkansu iyakar Kwango ta bi wani ɓangarensu, ɗaya ya yi arewa ɗaya ya yi kudu.

Gardamar da kwale-kwale ya raba

Mazauna bakin kogin ba su taɓa shakkar inda ruwansu ke tafiya ba. Ruɗanin na baƙi ne. A 1858 Richard Burton da John Speke suka isa Tanganyika suna neman mafarin Nilu. Sun ji labarin wani babban kogi a ƙarshen arewacin tafkin, suka shiga kwale-kwale har Uvira, amma ba su kai bakinsa ba. Mutanen wurin sun gaya musu shigowa yake yi. Duk da haka ra'ayin cewa fita yake yi, ya nufi arewa ya zama Nilu, bai mutu ba, musamman bayan Samuel Baker ya kai Tafkin Albert a 1864. Speke kuwa ya tsaya a kan cewa Biktoriya ce mafarin.

Adalci shi ne a ce masu ra'ayin farko ba shirme suka yi ba. Tanganyika ya fi Albert tsayi da kusan mita 150, kuma suna cikin tsaga ɗaya. Mai kallon lambobin nan biyu kaɗai zai ga ruwa na iya gangarawa daga wannan zuwa wancan. Abin da ba su sani ba shi ne a tsakani akwai Kivu a can ƙololuwa, har da Edward mai tsayin mita 912, wanda shi ma ya ɗara Tanganyika. Ba Baturen da ya ga Kivu sai a 1894, lokacin da Bajamushe von Götzen ya isa gaɓarsa.

A ƙarshen 1871, bayan Henry Stanley ya iske David Livingstone a Ujiji, wani gari a gaɓar Tanganyika, su biyun suka shiga kwale-kwale suka nufi arewacin tafkin, suka kutsa cikin ciyayin bakin kogin, suka ga ruwa yana turo su baya zuwa cikin tafki. Gani ya kori ji. Akwai wani babban dutse a Mugere, kudu da Bujumbura, da aka ajiye don tunawa da yada zangonsu a wannan tafiya. Masu karatun tarihin ƙasar Hausa za su tuna irin wannan gardama a kan Kwara, wanda Turawa suka daɗe suna musun ko gabas yake bi ko yamma, ko ma Nilu yake shiga, har sai da 'yan'uwan nan Lander suka bi shi zuwa teku a 1830.

Yadda kogi ya zama iyaka

A 1885, da Sarki Leopold na Beljiyam ya ayyana iyakokin mallakarsa ta Kwango, an ja miƙaƙƙen layi ne a takarda daga ƙarshen arewacin Tanganyika zuwa arewa maso gabas, a kan ƙasar da masu jan layin ba su taɓa takawa ba. Da aka gano Kivu, sai ya zamana layin ya jefa tafkin da yammacin masarautar Ruwanda cikin Kwango, alhali Jamus tana ikirarin Ruwanda da Burundi. Aka yi shekaru ana zaman doya da manja, sojojin ɓangarorin biyu suna harare-harare a kwarin. A 1910 aka sasanta a Brussels: iyaka ta bi Ruzizi, ta ratsa Kivu, tsibirin Idjwi ya faɗa ɓangaren Kwango.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Beljiyam ta karɓi Ruwanda da Burundi, sai gaɓar biyu suka koma hannu ɗaya, mutane suka ci gaba da ƙetarawa neman aiki, gona da aure. Da Kwango ta sami 'yanci a 1960, Ruwanda da Burundi a 1962, layin ya sake zama iyakar ƙasa da ƙasa, kuma ƙudurin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Alƙahira a 1964 ya ce kowa ya riƙe iyakar da ya gada.

Matsalar ita ce kogi ba turke ba ne. A kwazazzabo dutse ya riƙe shi, ba ya motsi. A fili kuwa kowace damina sai ya ci nan ya ajiye can. Dokar ƙasa da ƙasa tana da hanyoyi biyu na sa layi a cikin kogi: ko a bi tsakiyar faɗinsa, ko a bi inda ya fi zurfi, wato hanyar jirgi. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida game da ƙaura: idan kogi ya riƙa cin gaɓa sannu a hankali, iyaka ta bi shi; idan ya ɓalle dare ɗaya ya kama sabuwar hanya, iyaka ta tsaya a tsohon kwarinsa. Masana shari'a ba su haɗu a kan ko wannan ƙa'ida ta wajaba a ko'ina ba, da yawa suna ganin abin da yarjejeniyar ƙasashen ta faɗa shi ne gaba.

Masu son iyaka ta bi kogi hujjarsu ita ce kowa na ganin ruwa da idonsa, kuma kowace ƙasa za ta ci gaba da samun gaɓa. Masu son a kafe layin a inda yake ranar 'yanci suna cewa ba daidai ba ne ambaliya ta sauya wa mutum ƙasa. Kowanne da tsadarsa. A na farko manomi na iya rasa gonarsa, a na biyu ƙauye na iya wayar gari ba shi da hanyar zuwa ruwa sai ta ƙasar wasu. Kotun Duniya, a shari'ar Benin da Nijar a 2005, ta ɗauki layin mafi zurfi na Kogin Neja kamar yadda yake lokacin 'yanci, ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25, har da Lete.

A yankin Manyan Tafkuna abin ba labari ba ne. A Semliki, manoman gundumar Ntoroko ta Yuganda sun ga kogi ya ci gonakinsu ya ajiye ƙasar a gaɓar Kwango, har wasu sukan ƙetara su yi noma a inda suke ɗauka gadonsu ne. Ruwanda da Burundi sun daɗe suna jayayya kan wani ɗan fili mai suna Sabanerwa, tun da Kogin Akanyaru ya sauya hanya bayan ruwan sama mai yawa a 1965. A Ruzizi kuwa tambayar ita ce wane reshe ne iyaka a bakin kogin. An taɓa samun saɓani a kan haka tsakanin Bujumbura da Kinshasa. A aikace, Burundi ke mulkin Gatumba, kuma mashigar iyaka tana kan ƙaramin reshe, tsakanin Gatumba da Kavimvira ta Kwango.

Wuta daga gangare

Wutar ruwa abu biyu take buƙata: yawan ruwa da tsayin faɗuwarsa. Ruzizi na da duka biyun, ga kuma ƙari na uku. Da yake daga tafki yake fitowa, ruwansa ba ya ja da baya sosai da rani kamar yadda Kogin Kaduna kan yi wa Shiroro. Kivu ne rumbunsa.

An gina tashar wuta ta Ruzizi ta Ɗaya kusa da Bukavu a 1958, mai ƙarfin kusan megawat 30, kuma kamfanin wutar Kwango ke riƙe da ita. Ruzizi ta Biyu, mai kusan megawat 44, ta fara aiki a 1989 a ƙarƙashin SINELAC, kamfanin haɗin gwiwa na ƙasashen uku wanda ya fito daga ƙungiyarsu ta tattalin arziki da aka kafa a 1976. Abin lura shi ne wannan tasha ta ci gaba da raba wuta a shekarun da sojojin masu ita ke harbin juna, ko da yake tsufan injuna da bashin da ba a biya sun sa ta daɗe ba ta ba da cikakken ƙarfinta. Ruzizi ta Uku, wadda aka tsara za ta ba da megawat 206, an sa hannu kan manyan yarjejeniyoyinta a 2019, amma ginin ya yi ta jan ƙafa. Ga Burundi, inda kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki, kaso ɗaya cikin uku na wannan wuta ba ƙaramin abu ba ne.

Masu goyon bayan aikin suna ganin dukiyar da aka haɗa hannu a kai takan sa maƙwabta su yi tunani sau biyu kafin faɗa. Masu ɗari-ɗari suna tambaya kan diyyar manoman da za a tasa, kan farashin da talaka zai biya, da kuma wa zai riƙe makunnin idan wurin na hannun 'yan tawaye.

Alƙiblar ruwan tana da wani tasiri da ba a cika kawowa ba. Ruzizi ce kaɗai ƙofar fita daga Kivu. Duk gorar roba da ledar da aka yar a kwatocin Bukavu, ruwan sama ya kwashe ta zuwa tafki, ƙarshenta bakin tashar Ruzizi ta Ɗaya. Shara kan taru a can ta rufe fuskar ruwa, ta toshe ragar mashigar injuna, har sai masu nutso sun shiga sun kwashe da hannu, wani lokaci a kashe inji. Unguwar da ta zubar da sharar ita ce kuma ke kwana a duhu.

Ambaliya: shin kogin na komawa baya?

Tun daga 2020 Gatumba ke shan ambaliya kusan kowace shekara. Unguwanni sun zama tafki, an koma shiga gida da kwale-kwale, dorina na yawo a inda yara ke wasa a da, dubban iyalai sun koma sansanoni. Wanda ya ga ruwa na shigowa daga ɓangaren tafki zai iya rantsewa kogin ya juya. Bai juya ba, kuma ba zai iya ba, da tudun mita 690 a bayansa. Abin da ke faruwa shi ne Tanganyika ya cika, a 2024 ya kai matakin da ba a gani ba tun shekarun 1960. Idan tafki ya taso, bakin kogi ya nutse, ruwan da ke saukowa ya rasa inda zai zuba, sai ya bazu gefe. Gatumba na tsakanin rassa biyu da tafki, ruwa ta uku ke nan.

Tanganyika babba ne, tsawonsa ya haura kilomita 670, zurfinsa ya kai mita 1,470, amma ƙofarsa ɗaya ce, Lukuga, kuma ƙarama ce mai yawan cikewa da yashi. Mafi yawan ruwan da yake rasawa rana ce ke shanyewa. Shekaru biyu ko uku na ruwan sama mai yawa sun isa su ɗaga shi, saukarsa kuwa sai a hankali.

A kan musabbabi, wasu sun fi ɗora nauyi kan sauyin yanayi da damunoni masu nauyi na 2019 zuwa 2020 da na 2023 zuwa 2024. Wasu suna nuna saran itatuwa da noman gangaren tsaunuka, wanda ke cika kogin da laka har cikinsa ya taso. Wasu kuma suna cewa an yi gini ne a hanyar ruwa tun farko. Ukun ba sa karo da juna. Madatsun da ke sama ba za su iya magance abin ba, domin rafukan da ke kawo laka da ruwan farat ɗaya duk a ƙasansu suke shiga. Inda aka fi rabuwa shi ne magani: a gina ganuwar tare ruwa, a yashe Lukuga, ko a tashi mutane gaba ɗaya. Hukumomin Burundi sun karkata ga sauya wa mutane matsuguni, mazauna da yawa kuwa sun fi son ganuwa, domin abincinsu na nan: kamun kifi, gona, da cinikin kan iyaka.

Talakan gaɓa a tsakanin ƙasashe uku

Kwarin Ruzizi hanya ce, kuma yaƙi ma hanya yake bi. Kinshasa da ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Ruwanda na mara wa M23 baya da sojoji da makamai. Kigali ta ce matakan kare kai take ɗauka saboda mayaƙan FDLR, 'yan tawayen Ruwanda da ke gabashin Kwango, waɗanda ke da alaƙa da kisan ƙare dangi na 1994 a Ruwanda. Burundi ta tura sojoji Kivu ta Kudu suna taya Kwango, ta kuma rufe iyakarta ta ƙasa da Ruwanda a Janairun 2024, tana zargin Kigali da taimaka wa 'yan tawayen RED-Tabara, zargin da Ruwanda ta musanta. Bayan faɗuwar Bukavu, faɗan ya bi kogin ya gangara Kamanyola, ya nufi wajen Uvira.

Yanayin kogin ne ya tsara yadda mutane suka gudu. A kwazazzabo ba a ƙetarawa sai ta gada, gada kuwa tana hannun mai bindiga. A fili ana iya ƙetarawa kusan ko'ina, shi ya sa dubban 'yan gudun hijira suka ɓulla a yankin Cibitoke na Burundi, aka tara da yawansu a filin wasa na Rugombo. Amma watan Fabrairu damina ce a can, kogin cike yake, yana da ƙarfi, ga kada. Yara da tsofaffi su suka fi shiga haɗari.

Ko a lokacin zaman lafiya, rayuwar gaɓar ta dogara ne da ƙetarawa. Kowace safiya mata 'yan ƙananan kasuwanci kan yi layi a gadar Bukavu da Kamembe, su dawo da tumatir, nama, madara da gari a kai ko a baya. Hanyar mota daga Bukavu zuwa Uvira ta cikin Kwango tana bin hawan Ngomo, mai tsananin wuya, don haka direbobi da yawa sukan shiga Ruwanda, su bi kwalta zuwa Bugarama, su sake shiga Kwango a Kamanyola. Ɗan Kwango mai tafiya daga garinsu zuwa wani garin ƙasarsu sai ya ƙetare kogin sau biyu, ya nuna takarda sau huɗu. Ranar da aka rufe mashiga ɗaya, kuɗin mota da na abinci kan tashi a garuruwan da ba a ji ƙarar harsashi ba.

Ƙasashen uku sun sa hannu a 2014 kan kafa hukumar kula da ruwan Kivu da Ruzizi, wadda ake kira ABAKIR. Aikinta ya haɗa da auna ruwa da laka da kuma raba bayanai tsakanin gaɓoɓi. Gargaɗin ambaliya da zai amfani mutumin Gatumba dole ya fito daga ma'aunin ruwan sama da ke kan tsaunukan Kwango da Ruwanda da arewacin Burundi, sa'o'i kafin ruwan ya iso ƙofarsa, kuma yawancin waɗannan tsaunuka a yanzu suna bayan shingen da ma'aikacin wata ƙasar ba ya iya wucewa.